Koyil Na Huɗu

Ajiye wayar nan, na riga na ga sanarwar. Kai ne mutum na uku da ya nuna min ita cikin makon nan. Horo na wata uku, takardar shaida a ƙarshe, ga hoton samari da 'yan mata cikin fararen riguna suna nuna allon kwamfuta da yatsa, wai ana shirya ma'aikatan makamashin gobe. Ban ce kada ku je ba. Amma tunda na ji ɗayanku ya ce ai yanzu komai danna maɓalli ne, ku jawo bencin nan ku zauna. Ku kula da gwangwanin warnish, kada ya ɓata muku jallabiya ku shiga aji gobe kuna wari.

Aikin farko da aka taɓa ɗora min a tebur injin famfon ruwa ne na wani bene mai hawa bakwai a unguwar Shubra. Lokacin ban cika wata biyu da sauka Alkahira ba. An haife ni a wani ƙauye a bakin Nilu a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta Makka, zangon ya zame musu gida. Na zo nan ina da shekara ashirin da shida, ban iya komai ba sai noman auduga. Wani ɗan garinmu ya kai ni warsha, wato shagon aikin Usta Milad (Usta ake ce wa gwanin sana'a a nan), mai naɗin koyil, wato mai sake naɗa wayar jan ƙarfe a cikin injin da ya ƙone. Dattijo ne Kirista daga kudancin Masar, gajere, mai kaurin yatsu, ba ya magana sai ta kama dole. Ya turo min injin ya ce in yanke ƙonanniyar wayar, in ƙirga zagaye nawa ne a kowane gurbi. Na yanke, na ƙirga, na share tarkacen na zuba a kwandon shara.

"Nawa?" in ji shi.

"Wajen sittin, ya Usta."

Ya ajiye kofin shayinsa. "Wajen?"

Ya nuna min kwandon da haɓa. Na zazzage shi a ƙasa, na yi ta tsince guntayen wayar ɗaya bayan ɗaya daga cikin ganyen shayi da ɓawon gyaɗa har la'asar. Sittin da huɗu ne. Ya ce, "Da na naɗa sittin, injin zai tashi, bawwab, mai gadin benen, ya ɗauka ya tafi yana sa mana albarka. Bayan sati uku ya ɗau zafi ya sake ƙonewa, bene guda ya wuni ba ruwa. Ba za su ce Harun ba. Milad za su ce." Shekara guda cur bai bar ni na taɓa sabuwar waya ba. Yankewa, ƙirgawa, kankare gurbi, yanka takardar shinge da ke raba waya da ƙarfe. Shi ke nan.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini. Ga su nan rataye: katakon da ake naɗa waya a kansa, gudumar itace don ta ƙarfe tana fasa rufin waya, tsinken gora na cusa waya a gurbi, ma'aunin kaurin waya, da tanda da muke gasa injin bayan an tsoma shi a warnish. Waccan baƙar akwatin mai mariƙi mitar gwada shinge ce, kana juya ta da hannu tana gaya maka ko wuta na zurarewa. Ta Usta Milad ce, matarsa ta ba ni bayan rasuwarsa. Sauran kayan aikin a jikinka suke. Hancinka zai gaya maka injin ya ƙone tun mai shi bai sauke shi daga kafaɗa ba. Bayan hannunka zai gaya maka zafin da ya wuce ƙa'ida.

Wani mai gidan burodi ya taɓa kawo mana injin kwaɓa fulawa yana rantsuwa da kabarin mahaifinsa cewa haka kawai ya tsaya. Duk mai kawo aiki da ƙarya yake farawa, ba don mugunta ba, don kada ka ga laifinsa. Amma waya ba ta iya ƙarya. In ta yi baƙi gaba ɗaya bai ɗaya, an ɗora wa injin abin da ya fi ƙarfinsa. In ɓangare guda ne ya babbake sauran suna nan jajur, layin wuta ɗaya ne ya yanke. In tabo ne ƙarami a wuri guda, to laifin wanda ya naɗa ne, ya bar waya ta gogi ƙarfe. Na buɗe injin mai burodin na ce masa, "Buhu nawa kake zubawa a kwaɓi ɗaya tun da azumi ya kama?" Ya yi dariya ya daina rantsuwa. Ku riƙe wannan, don ba a koyon karanta ƙuna a littafi. Sai ka buɗe injuna da yawa har ka daina sanin adadinsu.

Aikin da ya kai ni jami'a ɗan ƙaramin inji ne na famfon zuƙe iska. Wata mata ce ta kawo shi da kanta cikin kwali, mai furfura a gefen ɗankwali, da tabarau a wuya. Daktora Samiha, malamar kimiyyar fiziks a wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba. Na naɗa shi cikin kwana biyu. Da ta zo karɓa ba ta tafi ba, ta tsaya tana kallon yadda nake jera waya a wani injin. Sai ta zaro takarda ta shimfiɗa min a kan tebur, zanen wani zobe mai faɗin tayar mota.

"Za ka iya naɗa wannan, ya Usta? Guda takwas nake so."

"Na wane inji ne?"

"Ba inji ba ne," in ji ta. A tsaye a bakin warsha, ƙananan motocin haya, mikrobas, na ta ham a bayanta, ta yi min bayanin abin da Larabawa ke kira indimaj. Ta ce rana ba itace take ci ba, ba mai take sha ba. Ƙananan ƙwayoyin zarra ne ke haɗewa, biyu su zama ɗaya saboda tsananin zafi da matsi, sai wuta ta fita. Mutane na son yin haka a nan ƙasa su sami lantarki. Matsalar ita ce gas ɗin da za a dafa yana kai zafin da babu tukunyar da za ta riƙe shi. Sai dai a riƙe shi a tsakiya da maganaɗisu, kada ya taɓa bango. Maganaɗisun kuwa ba komai ba ne illa koyil da aka sa wa wuta.

"Na'urarmu ba za ta haɗa ko zarra ɗaya ba," in ji ta. "Ƙarama ce, ta koyo. Amma ina so ɗalibaina su taɓa abu da hannunsu kafin su je ƙasashen da ke gina manyan."

Wayar wannan aiki ba waya ba ce. Bututun jan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, kaurin ɗan yatsa, da rami a tsakiyarsa inda ruwa ke bi ya sanyaya shi, don wutar da ke ratsa shi mai yawa ce. Sai ka gasa shi ya yi ja, ka bar shi ya huce ya yi laushi, sannan ka lanƙwasa. Kowace lanƙwasa tana ƙara masa tauri, in ka yi kuskure ka ce za ka miƙar ka sake, ya tsage. Kana lanƙwasawa kana naɗe shi da zaren gilashi mai kamar bandeji, kowane zagaye ya rufe rabin wanda ya gabace shi, ba fiye ba, ba ƙasa ba. Zaren nan yana shiga fata, sai ka yi kwana uku kana susa. A warshar jami'ar na haɗu da Amm Fathi, kamar ka ce Baba Fathi, mai injin sassaƙa ƙarfe da walda, wanda ya fi kowane malami daɗewa a sashen. Shi ke haɗa bakin bututu da bututu da dalmar azurfa, kuma dole kada ko ɗigo ya faɗa cikin ramin. In ya gama, mu ɗauko ɗan boris na keke mu saka a baki ɗaya, mu hura iska. In ya fito ta ɗaya bakin ya bugi gwangwani, ƙwal, hanya a buɗe take. In bai fito ba, a yanke a sake. Wata bakwai muka yi a kan zobba takwas.

Ranar da aka fara kunnawa, da hantsi ne, an rufe labulen ɗakin. Daktora ta ce in leƙa ta ƙaramar tagar gilashi. Na ga wani siririn haske tsakanin ruwan hoda da shunayya, miƙe a tsakiyar babban bututun da zobban suka kewaye kamar an ja zare, bai taɓa bango ko'ina ba. Ta rage wutar koyil, hasken ya bazu ya dushe. Ta ƙara, ya tattaru ya tsaya. Amm Fathi ya ce, "Masha Allah," ya fita shan taba.

Na yi shekaru a wurin ana biyana da yini, sunana ba ya cikin jerin ma'aikata. Bai dame ni ba a lokacin. Kowace Lahadi da safe, farkon mako, nakan cire tiyon ruwan da ke fita daga kowane koyil in tara jarka, in duba agogon hannuna in ga daƙiƙa nawa take cika. Takwas ɗin duka. Ba wanda ya sa ni. Ɗalibai kan shigo warsha da zane, su ga cewa abin da suka zana ba ya sassaƙuwa, Amm Fathi ya yi musu tsawa, su gyara. Da yawansu a nan suka fara riƙe sifana.

Sai shekarar da kuɗin suka zo. Wasu masu ba da tallafi daga waje suka ce za su taimaka a horar da ma'aikatan wannan fanni, don nan gaba za a buƙaci mutane da yawa. Daktora ta yi murna kamar yarinya. Ta rubuta a cikin takardar neman tallafin cewa a ɗauki mutum biyu su zauna a warsha shekara biyu, ɗaya a hannun Amm Fathi, ɗaya a hannuna. Kwamiti ya soke wannan layin. Ta ja ni har ofishin wani babban jami'i, ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana gahawa.

"Ma'alish, ki yi haƙuri, ya Daktora," in ji shi. "Sharaɗi ne, mai horarwa sai mai digiri na biyu. Amm Harun kuma, da dukkan girmamawa, ko takardar firamare ba shi da ita a fayil. Ba shi ma da fayil. Sannan mutum biyu a shekara biyu? Me za mu nuna wa masu tallafi? Aji guda muke so a yaye duk wata uku."

"Wa ya naɗa abin da za ku koyar da su a kansa?" in ji ta.

"Wannan ai aikin hannu ne," in ji shi, ya miƙo min sukari.

Aikin hannu. Da ƙafa ake yin na ƙasashen waje?

Suna buƙatar ɗaki na sa kwamfutoci, ba su ga ɗakin da ya fi warsha dacewa ba. Aka fitar da injin Amm Fathi aka ajiye a baranda, aka rufe da leda. Aka shafa wa ɗakin farin fenti, aka sa na'urar sanyi, aka jera kujeru masu juyawa. Bayan 'yan watanni aka ce injin yana tare hanya, aka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa bisa awo. Injin da ke iya sassaƙa ƙarfe ya cire kaurin gashin kai. Amm Fathi yana tsaye aka ɗaure injin da sarƙa aka ja shi a kan siminti. Da lokacin ritayarsa ya yi ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba, shi kuma bai sake taka harabar ba.

Wata rana aka kira ni in gyara soket a sabon ɗakin ana tsakiyar darasi. Ina durƙushe a bayan aji na ɗaga kai, sai ga hoton koyil ɗina a bango, babba, an yi masa kibiyoyi masu launi. Mai koyarwar Daktor Tamir ne, matashi da ya dawo daga karatu a waje, shi aka ba ragamar shirin. Yana da ilimi, ba zan hana shi ba, lissafinsa kamar ruwa. Wani ɗalibi ya tambaya a ina aka sayo zobban. Ya ce, "An ƙera su a nan cikin gida," ya wuce zuwa hoto na gaba. Na ɗaure soket ɗina na fita.

A wannan shekarar na san Sa'adatu. Ina ɗaure wani tiyo sifana ta zame na bugi yatsa, na yi wata magana da ba zan maimaita muku ba. Sai na ji daga bayana, "Baba, ashe Bahaushe ne kai?" 'Yar Gusau ce, ta zo digiri na biyu da tallafin karatu, tana zaune da wasu 'yan uwanta mata a unguwar Hadayek el-Maadi. Takan yi wa Hausata dariya, wai rabinta Larabcin Sudan ne. Binciken ta duka a kan na'urar nan yake, awon yadda hasken ke tattaruwa in an canza ƙarfin maganaɗisu. Ita kaɗai ce ta taɓa tambayata me ya sa nake tara jarka ran Lahadi, kuma da na gaya mata ta fara riƙe min agogo.

Ruwan da ke bi ta cikin koyil ba na famfo ba ne, tatacce ne, akwai matata da ke cire masa gishiri. Matatar ta ƙare. Aka rubuta a sayo, aka ce kuɗin na horo ne, ba na gyara ba. Wani ya jona tiyon da famfon bango don kada darasi ya tsaya. Bayan wata huɗu jarkar koyil na huɗu, wanda ke tsakiya ya fi kowanne ɗaukar zafi, ta fara jinkirin cika. Mako na gaba ta ƙara. Daktora tana gida, an yi mata aiki a gwiwa. Na sami Daktor Tamir a baranda.

"Ya Daktor, na huɗu yana toshewa. Ina buƙatar sati biyu in cire shi in wanke cikinsa."

"Masu tallafi za su zo nan da kwana goma, ya Amm Harun. Bayan sun tafi."

"To kada a ƙara masa wuta."

"Na yi lissafi, zai ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba."

"Lissafin ya san akwai gishiri a ciki?"

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Tamam, tamam, za mu duba," yana kallon wayarsa.

Ranar ziyarar na tashi da wuri na hau mikrobas biyu da metro, jirgin ƙasan cikin gari. A bakin ƙofa mai gadi, wanda muka sha shayi tare shekara da shekaru, ya ƙi kallon idona. Ya ce yau sai wanda sunansa ke cikin jerin shirin. Na ce ya kira Daktor, ya kira, ba a ɗauka ba. Na tsaya har rana ta yi tsaka, ina ganin motocin baƙi suna shiga, sannan na juya gida.

Sa'adatu ce ta ba ni labarin abin da ya faru. Hasken bai fito sosai a hoto ba, sai aka ce a ƙara wuta. Ta ce ta ji wari, ta ɗaga hannu ta yi magana, aka ce ta bari baƙi su gama tambaya. Tiyon na huɗu ya fashe, tururi ya feso ya ƙone wani ɗalibi a hannu, hayaƙi ya cika ɗakin, wuta ta ɗauke. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Aka fitar da baƙi zuwa wurin cin abinci.

Rahoton ya fito bayan wata guda. Daktora ce ta karanta min shi a waya. Wai musabbabin haɗarin shi ne amfani da koyil naɗin hannu na wanda ba shi da ƙwarewa a hukumance, kuma daga yanzu sai na kamfani mai rajista. Ba maganar matata. Ba maganar famfon bango. Shekarun da na yi ba ni da suna a wurin, ranar da aka nemi wanda za a ɗora wa laifi aka tuna akwai ni. Ko a nan ma ba su rubuta sunan ba.

Wannan ce mummunar shekarata. Na dawo nan unguwar Arba wa Nus na kama wannan shago, na koma gyaran fanka da injin wanki da famfon bene. A shekarar ne kuma hannuna na dama ya fara rawa, kaɗan-kaɗan, sai in na riƙe abu siriri.

Wata Asabar ƙaramar motar ɗaukar kaya ta tsaya a nan ƙofar, yara suna bin ta. Daktora ta fito da sanda, Sa'adatu na riƙe da ita. A baya ga koyil na huɗu, baƙi ƙirin a gefe guda. Yadda ta fitar da shi daga jami'ar ban tambaya ba. Na ɗora shi a kan teburin nan na sa zarto a daidai wurin ƙunar. Da ya rabu na juya musu bakin. Ramin da ɗan boris ke wucewa ya cika da farin dutse, saura ƙofar da ko allura sai da dabara. Na yanka wani wuri nesa da ƙunar, zaren gilashin yana nan fari tas, kowane zagaye a kan rabin na baya. Daktora ta naɗe guntun a hankici ta saka a jakarta ta kai wa kwamiti. Suka ce an rufe fayil.

Saura wata bakwai tallafin Sa'adatu ya ƙare, koyil na kamfani kuma sai an yi talla, an zauna, an zaɓa, an jira jirgin ruwa. Daktora ta sayi bututun da kuɗin aljihunta ta ce mu naɗa sabo. Na ce lanƙwasa zan iya, amma zaren gilashi yana son hannun da ba ya rawa.

"Ga nawa, Baba," in ji Sa'adatu.

Wata huɗu tana zuwa daga Hadayek el-Maadi, kwana huɗu a mako, metro da mikrobas biyu, ta ɗaure hijabinta a baya ta sa tsohuwar rigar aikina a kai. Ba na ce tana da sauƙin koyarwa ba. Tana da gardama, komai sai ta ji dalili. A sati na uku na hango wuri guda da zaren bai rufe rabi ba, ɗan gibi kamar farce, ta riga ta wuce shi da zagaye goma sha ɗaya. Na ce ta warware.

"Haba Baba! Aikin kwana biyu ne fa. Za a zuba masa danƙo a kai, ba wanda zai gani."

"Wuta za ta gani. Warware."

Ta jefar da almakashi ta fita, ta tsaya a wurin mai lemon rake har na ɗauka ta tafi. Sai ga ta ta dawo, ba ta kalle ni ba, ta fara warwarewa. Daga ranar ban sake samun gibi a aikinta ba. Hannayenta suka yi jajur da susa, maƙwabtana mata suna ba ta man shafawa. A wata na uku ta fara gane taurin jan ƙarfe da hannu, ta ce min, "Wannan yana son wuta kafin mu lanƙwasa," kafin ni in faɗa. Na kira Amm Fathi ya zo daga Giza ya haɗa mana bakin bututun, ya ƙi karɓar ko kuɗin mota. Muka saka boris, ita ta hura iskar. Ƙwal. Na juya mitar Usta Milad, allura ta tafi ƙarshe ta tsaya. Koyil ɗin nan ya fi nawa na farko kyau, ban ji kunyar faɗa mata ba.

Aka kai shi jami'a, aka ce ba daga kamfani mai rajista ya fito ba, sai kwamiti ya zauna. Aka shigar da shi sito. Kwamiti bai zauna ba har watanninta suka ƙare. Aka canza mata bincike zuwa na kwamfuta, ta kwaikwayi na'urar da ke rufe da leda a ɗakin da ke kusa da ita, ta rubuta, ta ci, aka ba ta takarda. Ta zo nan yi min sallama da kwalin dabino. Yanzu tana koyarwa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a can gida. Daktora ta yi ritaya a shekarar da ta biyo.

Watan da ya wuce ina kan wata fanka sai na ga mota mai kyau tana neman hanya tsakanin kwatami da masu kayan miya. Daktor Tamir ne, ya yi ƙiba, gashinsa ya fara fari, shi ne shugaban sashen yanzu. Ya yi sallama da ladabi, ya zauna a kan bencin nan da kuke kai. Ya ce na kamfanin bai taɓa zuwa ba. Ya ce sun buɗe sito suna neman wani abu suka ga koyil a cikin ƙura, suka gwada, suka ɗaura, na'urar ta tashi, tana aiki kamar ba a taɓa kashe ta ba. Ya ce an sake samun tallafi, wannan karon ana son na'ura mafi girma, zobba goma sha biyu, kuma masu tallafin sun tambaya ko akwai masu iya ƙerawa a cikin ƙasa. Sun yaye aji bayan aji, ya ce, amma da ya tara su ya nuna musu bututun, ba wanda ya san ta inda ake kama shi.

"Za mu sami hanyar da za mu bi da takardun, ya Usta," in ji shi. Ranar ce ya fara kirana Usta.

Na ce bari in zuba masa shayi. Na ɗauki butar da hannun dama, da gangan. Rabi ya shiga kofi, rabi ya malale a kan tebur ya ɗiga a takalminsa. Na ajiye butar na miƙa masa hannuwana biyu a buɗe, ya kalle su suna kaɗawa.

Sannan ya ce, "To wa ka koya wa? Ka ba ni suna, ko mutum ɗaya ne."

"Mutum ɗaya ne kuwa," na ce. "Ita ta naɗa wanda kuka ɗaura. Kun ba ta takarda, kun sa ta a jirgi."

Ya shanye rabin kofin, ya goge takalminsa da hankici, ya tafi. Ni kuma na koma kan fankar, don mai ita tana da jariri kuma zafi ya shigo.